Kofin Yaya Mai Jan Zare

Mama, matar Baba Fasto, ita ce ta ce in rubuta wannan, tunda sau biyu ina miƙewa a zumuntar 'yan mata in faɗa da baki, kuka yana hana ni. Ta ce abin da baki ya kasa, hannu ya gwada. Sunana Hannatu, shekarata ashirin, ina zaune a Unguwar Shanu tare da yayata Rahila. Yau wata tara ke nan da ta faɗi a bakin famfo, kuma har yanzu in na ji ta yi tari a ɗaki, duk abin da ke hannuna sai na sake shi. Tana raye, godiya ga Allah. Amma da ni kaɗai aka bar wa ita, da yanzu ciyawa ta rufe kabarinta, ni kuwa ina nan ina ganin aikin Allah na yi.

Yaya ta girme ni da shekara takwas. Mijinta soja ne, ya tafi yaƙi bai dawo ba, ba su kuma haihu ba. Malamar firamare ce, da albashinta ta kai ni har ƙarshen sakandare. Muna haya ciki da falo a gidan wani Alhaji mai shagon yadi a babbar kasuwa. Matarsa Hajiya Dije ita ke riƙe da gidan, ita ke kiran Yaya "Malama", ni kuma "Hanne".

Ina aji huɗu a makarantar kwana aka yi mana wani wa'azi da ya shiga jikina. Na ba da raina ga Yesu da gaske, wannan kam ba na nadamarsa. Na dawo gida da ƙishin in zama mai tsarki, ba a baki kawai ba. Na cire 'yan kunne, na daina sa kwalli, na ɗauki azumin Laraba da Juma'a. Yaya ta dube ni ta yi dariya ta ce, "An turo yarinya boko, an dawo mana da waliyiya." Sunan ya bi ni. In za ta aike ni cefane sai ta ce, "Waliyiya, in tsarkin zai bari, a sayo mana daddawa."

Na shiga wata ƙungiyar addu'a da ke taruwa ran Talata da yamma a wani aji na firamare. Shugabanmu Malam Ayuba ne, akawu a ma'aikatar gwamnati, mutumin kirki, kuma ba na ɗora masa laifina. Wata rana ya ce ciwon da ya ƙi jin magani, ya kamata mai shi ya bincika zuciyarsa ko akwai zunubin da ya ɓoye. Shi cewa ya yi mutum ya bincika tasa zuciyar. Ni kuwa ta wani na tafi bincikawa.

Tarin Yaya ya fara da shigowar bazara. Makon farko da na biyu ba wanda ya damu. Tun da aka buɗe firamare kyauta yara suka cika ajin Yaya har kan taga, kullum tana ɗaga murya, kullum cikin ƙurar alli, sai muka ce alli ne. Ta sayi maganin tari mai zaƙi a kemis. Hajiya ta haɗa mata zuma da citta da lemun tsami. A mako na uku zazzaɓi ya fara zuwa mata da la'asar, in na zo gyara gado da safe sai in tarar matashin kai ya jiƙe da zufa. Zaninta ya fara zagaya ta fiye da da. Ta daina cin abinci kwano ɗaya da ni, ta ce ta ci a makaranta. Ta keɓe wani farin kofin ƙarfe mai shuɗin baki, ba ta sha da wani, ba ta bari in sha da shi. Ƙyallen da take rufe baki kuma ita ke wanke abinta. Duk na ga waɗannan da idona. Fassarar da na yi musu ita ce tana gudun ido da ido da ni saboda wa'azin da nake mata.

Ku da muke majami'a ɗaya kun san yadda muke yi, amma zan faɗa don wanda bai sani ba. Lahadin farko na kowane wata muke cin Jibin Ubangiji. Ana tashi benci benci, a durƙusa a gaba, a karɓi gurasa, sannan ƙoƙo ɗaya ya bi layi, daga wannan baki zuwa wancan. Mai baftisma ba ya zama a benci sai in dattawa sun sa shi a horo, ko kuwa yana da wani abu a ransa da shi kaɗai ya sani. Saboda haka in benci ya tashi aka bar mutum ɗaya, ba wanda zai ce uffan, amma ba wanda bai gani ba.

Ranar nan bencinmu ya tashi, Yaya ta zauna. Na taɓa gwiwarta, ta girgiza kai. Na tafi na durƙusa, amma hankalina yana baya.

A hanyar gida na ce, "Yaya, lafiya ba ki tashi ba?"

"Lafiya lau. Buɗe lemar nan, rana tana dukana."

"Kowa ya gani fa."

"Idonsu ne."

A kwanakin ne wani abokin aikinta, Malam Danjuma, ya fara sauke ta a bakin lungunmu da babur, don ta ce tafiyar ƙasa tana gajiyar da ita. Mace mai ƙuruciya, ba miji, ta ƙi teburin Ubangiji, ga namiji yana kawo ta gida. Na haɗa wannan da wancan, na ƙulla abin da babu.

Ran Talata da aka zo wajen roƙon addu'a na ɗaga hannu. Na ce a taya ni addu'a domin wata ta kusa da ni wadda zunubin ɓoye ya ɗaure, har ta kasa zuwa teburin Ubangiji, har ciwo ya kama ta. Ban kira suna ba. Amma yaya nawa gare ni? Mutum kusan ashirin suka ce amin, kuma kowannensu yana da uwa ko mata a zumuntar mata. Da gulma na yi a bakin rijiya, da na san gulma na yi. Da yake ido a rufe na faɗa, sai na tashi ina jin na sauke nauyi. Kafin Lahadi biyu, matan da ke zama kusa da Yaya suka fara barin tazara. Shugaban mawaƙan majami'a, da take cikinsu, ya ce mata ta ɗan huta tukuna.

Wata ya zagayo, ta sake zama a benci. Da muka koma gida na rufe ƙofa na durƙusa a gabanta, na ce mu yi azumin kwana bakwai, daga safe har faɗuwar rana, ba ci ba sha, don Allah ya tone abin da ke ɓoye ya warkar da ita. Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "In hakan zai kwantar miki da hankali. Wa ya sani, ko Allah ya dube ni."

Lokacin zafin da ke gaban damina ne, irin wanda ko inuwa ba ta da amfani. Haka ta riƙa zuwa makaranta ta koyar, ta dawo leɓɓanta sun tsage. In rana ta faɗi cokali uku take yi ta ture kwanon. Ni kuwa murna nake a raina, wai zuciyarta ce ke karyewa.

Kwana na shida ya faɗo ran Asabar. Da hantsi muna wanki a bakin famfon tsakar gida, ta sunkuya za ta ɗauraye farar rigarta, tari ya sarƙe ta. Na ga ruwan bahon ya koma ja. Ta dafa bango, hannun ya zame, ta tafi ƙasa. Na tsaya da sabulu a hannu, ko ihu na kasa.

Hajiya Dije ce ta fito daga madafa. Ta ce, "Hanne, tsayuwa za ki yi kina kallonta? Kama ƙafafun." Muka kai ta inuwa. Hajiya ta juya ta gefe, ta share mata baki da gefen mayafinta, ta dubi leɓɓan ta ce, "Rabonta da ruwa?"

Na ce, "Azumi take yi."

"Da wannan jikin? Wane malamin ne ya ce?"

Ta aika aka kira Alhaji daga kasuwa, ya zo da motarsa ya kai mu asibiti.

An yi mata ƙarin ruwa ranar, aka kwantar da ita. Ran Litinin muka bi layin hoton ƙirji tun sassafe, Yaya a kan benci ta jingina da ni, sai da rana ta take aka leƙo aka ce injin ya lalace. Talata haka. Sai Alhamis aka ɗauka. Aka ba mu 'yar kwalba ta riƙa tofa kakin safe, kwana uku a jere, ina kaiwa ɗakin gwaji. Kwana tara muka yi a asibiti kafin wani ya faɗa mana sunan ciwon, kuma wannan ina cikin masu ƙorafinsa har gobe.

Likitan Ba'indiye ne, wata dattijuwar nas da kowa ke kira Sista tana yi masa tafinta. Ni na ji Turancin, na kuma ji yadda Sista ke rage masa kaifi. Ya ɗaga hoton a taga, ya nuna da biro wani wuri a huhun dama, ya ce rami ne. Ya ce tibi ne, tarin fuka. Ya ce da wata biyu da suka wuce aka zo, da a gida ma za ta sha magani, amma yanzu ba zai yi alkawari ba. Ya dubi katin awon nauyinta, ya tambayi abin da take ci. Sista ta juyo gare ni. Na ce azumi ta yi.

"Wa ya sa ta?"

"Ni ce."

Likita ya cire tabarau ya yi magana a hankali. Wannan karon Sista ba ta rage komai ba. Ta ce, "Ya ce ciwon yana cin ta, ke kuma kin hana ta ci."

Aka mayar da ita ɗakin masu tari, can ƙarshen asibiti bayan wurin wanki, inda tagogi ba sa rufuwa. Allura kullum da safe, har sai da wurin yi ya ƙare a ɗuwawunta aka koma cinya. Ƙwayoyi kuwa cike da tafin hannu. Aikina shi ne wanke ta, juya katifa, tafasa kofinta da cokalinta, da kuma gwangwanin kaki mai murfi, wanda nake zuba wa magani in kai rami in binne. Kofunan ɗakin duk iri ɗaya ne da nata, sai Sista ta ciro jan zare daga aljihu ta ɗaura a mariƙin na Yaya. Ta ce, "Wannan nata ne ita kaɗai. In na gan shi a bakinki, ni da ke ne." Ni ma an ɗauki hoton ƙirjina, aka ce ba komai, in dawo bayan wata uku.

Makon farko a ɗakin jini ya sake zuwa sau biyu. A mako na biyu matar da ke gadon kusa da namu, Binta daga Rafin Guza, wadda ke ba mu labarin 'ya'yanta huɗu, ta cika da safe ana raba koko. Aka naɗe katifarta aka fitar rana. Na fita bayan ɗakin na yi amai. Tun daga ranar, in Yaya ta yi barci sai in tsaya ina kallon ƙirjinta ko yana motsi.

Gwaggo Laraba, ƙanwar mahaifinmu, ta zo daga Katabu da gora cike da jiƙon sassaƙe. Ita a wurinta dangin mijin Yaya ne suka yi mata sammu. Ta tura goran ƙarƙashin gado ta ce a riƙa ba ta safe da yamma. Sista ta gano shi wajen shara, ta tuttular a kwata. Gwaggo ta ce, "Ke yarinya, da wannan bishiyar aka yi jinyar kakanninki." Sista, wadda ta kusa sa'arta, ta ce, "Shi ya sa ban tarar da su ba, Iya." Gwaggo ta yi fushi ta tafi, amma bayan kwana uku ta dawo da kaji biyu da ƙwan zabi.

Daga majami'a, Baba Fasto da Mama ne kaɗai suka shiga har bakin gado. Wasu sun zo, sun tsaya a taga da gyale a hanci, suka yi addu'a daga waje suka wuce. Ban ga laifinsu sosai ba, ciwon abin tsoro ne, amma Yaya ta ƙirga su da ido. Abincin asibiti kuwa ba ya riƙe mai lafiya, balle mai tibi. Hajiya Dije ce ta ɗauke mana wannan. Kullum Alhaji zai biyo a hanyarsa ta kasuwa ya miƙo kwanon sha da dafaffen ƙwai, wata rana fura da nono, wata rana farfesu. Ranar da na koma gida ɗaukar kaya na durƙusa a ƙofar ɗakin Hajiya, ina jiran ta ce mu nemi wani gidan. Ta ce, "Tashi, Hanne. Ki fitar da katifu rana, Alhaji zai sa a shafe ɗakin da farar ƙasa. Ciwo baƙo ne, ba a korar mai gida saboda shi." Har na juya ta ƙara da cewa, "Mu dai a wurinmu mara lafiya ba ya azumi, sai ya warke ya rama. Ban san naku ba, amma ban zaci Allah yana son a kawo masa gawa ba." Namu ma bai ce haka ba. Ni ce na ce.

A mako na uku zazzaɓin ya ɗan sauka. Wata la'asar ina tsefe mata kai na ce, "Yaya, tun yaushe kika sani?"

Ta ce tun kafin Lahadin da ta fara zama a benci ta fara ganin jini a ƙyalle. Ta ce ni ban san mutuwar Babanmu ba, ina goye, amma ita tana da shekara tara, ta ga yadda irin wannan tarin ya sa aka yi masa bukka a bayan gida ana ajiye masa abinci a ƙofa. A kwalejin malamai kuma an koya musu cewa ciwon yana bin kofi da numfashi.

"A layin durƙuso wa ke bina? Matar Iliya, da jariri a baya. Bayanta Kaka Saraya, wadda iska ma ke kayarwa. In sha in miƙa musu?"

"To me ya hana ki faɗa?"

"Tsoro. A dakatar da ni a wurin aiki, a tashe mu daga gida, ke kuma sakamakon jarrabawarki bai fito ba. Na ce gara a ce na yi zunubi da a ce ina da tibi." Sannan ta ce, "Kada ki mai da ni waliyiya, ni ma ban yi daidai ba. Na kare masu shan ƙoƙo, na ci gaba da tari a kan 'ya'yan mutane a aji. Wannan yana damuna."

A nan ne na kasa riƙewa. Na faɗa mata abin da na ce ran Talata, kalma kalma, har da zancen babur da na saka a raina.

Ta ce, "Ke ce?"

Na ce ni ce.

"Na zaci matan layinmu ne." Ta janye kanta daga hannuna, kitson rabi a tsefe, ta juya ta fuskanci bango.

Kwana tara ba ta yi mini magana ba sai "ruwa" da "gwangwani". Abin da ya fi wannan muni, ta daina ci. Ƙwan Hajiya ya riƙa hucewa a kan akwatin gefen gado. Ran Litinin aka ɗora ta a sikeli, nauyin ya ƙara sauka. Sista ta ja ni waje ta ce, "Me kika gaya mata?" Na faɗa. Ta ce, "Sai yanzu kika ga ya dace? Ke kin sauke kayanki kin ji sanyi, kin ɗora wa mai huhu ɗaya da rabi. Wadda ba ta ci, allura ba ta yi mata komai. In aka ƙara mako biyu a haka, ki aika Katabu su shirya."

Na zauna a bayan ɗakin wanki na daɗe. Abin da na gane a wurin bai yi mini daɗi ba. Ko tuban nan da na yi, don kaina na yi shi, don in ji ni fes. Tun farko haka ne. Cire 'yan kunne, azumi, roƙon addu'a, duk ina ta wanke Hannatu ne ina duba ta, ban taɓa tsayawa na dubi wadda ke ramewa a gabana ba.

Na tafi gidan Baba Fasto na faɗa masa komai. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma lallashe ni ba. Ya ce, "A gaban mutum nawa kika ɓata?" Na ce kusan ashirin, amma ya bazu. Ya ce, "To inda ya bazu za ki je ki kwaso."

Ran Lahadi bayan sanarwa ya kira ni gaba. Na ce ni ce na fara maganar da ake yi a kan yayata, kuma ƙarya ce. Na ce ta zauna a benci ne don kada ta sa wa kowa ciwo a ƙoƙo. Na roƙi gafarar Malam Danjuma ma, ko da yake ba majami'armu yake ba. Ban iya ɗaga kai ba, amma na ji kukan mace a bencin mata, daga baya aka ce mini matar Iliya ce.

Washegari da la'asar Baba Fasto da Mama suka zo asibiti. Mama ta zauna a bakin gado ta gaya wa Yaya abin da ya faru jiya. Yaya ba ta juyo ba. Baba ya buɗe jakarsa ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan akwatin, ya fito da gurasa da ƙoƙon majami'a. Da ta ji ƙarar ƙoƙon sai ta waiwayo da sauri ta ce, "Baba, kada ka kawo shi kusa da ni."

Ya ce, "Ina naki?"

Na miƙa masa kofin mai jan zare. Ya tsiyaya mata a ciki, ya yi godiya kamar yadda yake yi a gaban jama'a. Ya ce, "Rahila, wata uku kina jin yunwar teburin nan saboda waɗansu. Karɓi." Mama ta tallafa mata kofin.

Ni na ja baya na tsaya a bakin ƙofa, domin na riga na yanke wa kaina cewa ban isa ba. Baba ya dube ni, na girgiza kai. Sai na ji muryar Yaya, a dushe, ta ce, "Hannatu, zo ki durƙusa. Mutum ɗaya a gidanmu ya isa zaman benci."

Na durƙusa a kan simintin ɗakin masu tari na karɓa. Bayan sun tafi ta daɗe tana kallon rufi, sannan ta ce, "Ƙwan nan ya huce ko?" Na ɓare mata. Rabi ta ci.

Litinin ta gaba sikeli bai sauka ba. Wadda ta biyo ya ɗan motsa sama, Sista ta buga kafaɗata. Ba a miƙe abin ya tafi ba. A wata na biyu jiri ya kama ta, kunnenta na hagu ya riƙa ƙara, likita ya ce allurar ce, ya rage ta, amma kunnen bai dawo ba. A wata na uku kaki ya fito ba ƙwayar cutar. Sai da ta cika wata huɗu aka sallame mu, da sharaɗin shan ƙwaya shekara ɗaya da rabi, ba fashi ko na kwana ɗaya. Likita ya ce in ta ji sauƙi ta daina, ciwon zai dawo, kuma ba zai ƙara jin wannan maganin ba. An duba yaran ajinta, an sami biyu da aka sa wa magani, suna samun sauƙi. Ba ta koma aji ba tukuna, tana ofishin makaranta. Waƙa kuwa numfashinta bai kai ba.

'Yan'uwana, ga abin da nake roƙonku. Tarin da ya wuce mako uku, da rama, da zufa, a kai shi asibiti, addu'a ta raka shi a hanya. Kada ku sa mara lafiya azumi. In kun ga wani ya zauna a benci, ba ku san abin da ya zaunar da shi ba. In kuma za ku roƙi addu'a domin wani, ku fara tambayar kanku ko za ku iya faɗin maganar yana zaune a wurin.

Ban daina neman tsarki ba. Ina komawa ran Talata, Malam Ayuba ma ya zo har gida ya ba Yaya haƙuri. Sai dai yanzu ban cika sanin kamanninsa ba kamar yadda na zaci na sani. Na neme shi a kunnena da cikina, alhali yana zaune kusa da ni a benci, ana yi masa kallon banza, bai buɗe baki ba. Abin da ke ba ni tsoro har yanzu shi ne, duk lokacin da nake kashe ta, ko sau ɗaya zuciyata ba ta gaya mini ina yin laifi ba.

Likita ya ce yanzu ba ta sa wa kowa, amma Lahadin farko na kowane wata Yaya tana sa kofinta a jaka, ta durƙusa a layi ta miƙa shi, Baba ya tsiyaya mata. Matar Iliya ce ke durƙusawa kusa da ita, yaron ya fara tafiya. Yaya ta gafarta mini, ta faɗa da bakinta tun a asibiti, amma wata da watanni Hannatu take kirana, Hannatu kawai, kamar mai kiran suna a aji.

Jiya da safe ina wanke-wanke na ji ta yi tari a ɗaki, sau uku a jere. Farantin ya suɓuce mini ya faɗi a bakin famfo. Na ruga na ɗaga labule, idona a kan ƙyallen da ke hannunta. Ta buɗe shi ta nuna mini, fari fat. Ga ƙosai a gabanta da yaji.

Ta ce, "Yaji ne, Waliyiya. In tsarkin zai bari, miƙo mini kofina."